Sifikun falo: manyan tokunbo ko ƙanana sababbi?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum jama'ar gidan ga. Don Allah masu ilimin kayan sauti ku ba ni shawara. Ina son haɗa sauti mai kyau a falona, ba na biki ba, na zama dai in saurari karatu da tafsiri da labarai, wani lokaci kiɗan gargajiya irin na kotso da kalangu, yara kuma su kalli fim. Falon kamar mita 4 da mita 5 ne, tayil a ƙasa fi-o-fi a sama. Abu ukku na gani. Akwai hom tiyata sabo a kwali nan Babbar Kasuwar Sakkwato mai sifika biyar da sab (akwatin da ke ba da nauyin sauti, wato bas), an rubuta 5000W PMPO. Akwai wasu dogayen sifiku tokunbo guda biyu wajen wani mai kayan Kwatano, tsawonsu ya kai ƙuguna, amma sai na nemi amfilifaya daban. Sai kuma ƙanana masu amfi a cikinsu irin su Edifier. Da sola nike amfani mafi yawan lokaci. Wanne zan ɗauka?

Mai Kiɗan Biki:
Wa alaikumus salam. Malam ka bar wahalar da kanka, ka samu inci 15 guda biyu da fawa amfi ɗaya, wallahi har Gagi sai an ji ka

Maman Yara:
To shi ya ce maka yana son a ji shi a Gagi? Falo fa ya ce

Mai Gyara Rijiyar Ɗorowa:
Ɗan Mabera tun kahin a yi nisa, wancan 5000W ɗin ka manta da shi. Ka koma shagon ka ce a juya maka bayan sab ɗin, akwai 'yar takarda inda wayar wuta ka hita, nan anka rubuta wutar da shika sha. Mafi yawa za ka ga 60W ko 80W ko abin da bai kai 150W ba. To abin da ka shan 80 daga bango ta ina zai ba ka 5000? PMPO ba shi da wani ma'auni da anka yarda da shi, kowane kamhwani abin da yag ga dama shika rubutawa. RMS za ka tambaya, shi na ƙarhin da abu ka iya bayarwa a ɗore ba na ƙiftawar ido ba. Kuma in ka ɗaga ƙananan sifikun nan biyar ka ji ba nauyi, roba ta, cikinsu 'yar sifika guda mai inci 3, dut nauyin sautin sun bar ma sab ɗin shi ɗai, shi ya sa ka ji dum dum amma in mutum na magana kamar daga cikin tulu.

Injiniyan Arkilla:
Maganar Mai Gyara haka take. Bari in ƙara wani abu da mutane ba sa dubawa, kowa wat yake tambaya alhali ba wat ba ne ke nuna ƙarar sifika. A bayan kowace sifika ta kirki ko a takardarta akwai lamba mai dB, misali 85dB ko 88dB ko 91dB. Ma'anarta in ka ba ta wat 1 ka tsaya mita 1 a gabanta, ƙarar da za ta yi ke nan. Kuma duk ƙarin 3dB sai ka ninka wutar amfi sau biyu. Ke nan sifika mai 91dB da wat 10 za ta yi ƙarar da mai 85dB sai ta sha wat 40 kafin ta yi. Wat 10 a kan mai 88dB ya kai ka 98dB a mita 1, wannan a falo mai mita 4 da 5 ba za ka iya zama ka yi hira ba. Don haka amfi mai wat 40 ko 50 RMS kowane ɓangare ya ishe ka ya yi saura. Kuma kar ka ɗauka daga wat 50 zuwa 100 ƙara za ta ninka, 3dB ne kawai, kunne sai an ƙara kusan 10dB yake jin kamar an ninka, wato wuta sau goma.

Ɗan Mabera:
Ikon Allah. To Injiniya ita tokunbon na ɗauki hoton bayanta, an rubuta 6 ohms, 89dB, 3 way. Mi ke nan?

Injiniyan Arkilla:
Om ɗin shi ne yadda take tare wuta, ƙaramar lamba ta fi jan wuta daga amfi. Mai 8 ba ta wahalar da kowane amfi, mai 6 ma yawanci lafiya, mai 4 ce sai ka duba bayan amfin ka ga ko an rubuta yana ɗauka. 3 way ɗin kuma yana nufin an raba aikin gida uku, wufa ta ƙasa tana ba da bas, ta tsakiya tana ɗaukar murya, tuwita ta sama tana ba da siririn sauti, a ciki akwai ɗan allo mai koyil da kafasito da ke raba wa kowacce nata. Amma uku ba ta nufin ta fi biyu kyau. Mai biyu da aka yi da kyau ta fi mai uku ta banza nesa ba kusa ba.

Alhajin Gawon Nama:
Ku yaran yanzu kun cika lissahi. Ni saitin da nis sawo tun shekarun 1980, Kenwood, sifikunshi katako na gaske mutum guda ba ya ɗaga ɗaya sai da nishi, har yau shina falona shina aiki. Wufa inci 12. In an sa kiɗan kotso za ka ji hwatar gangar kamar makaɗin na zaune gabanka. Waɗanga 'yan ƙananan da kuka cewa inci 4 mi za su yi? Ɗana ka ɗauki manyan ka huta.

Injiniyan Arkilla:
Ranka ya daɗe ba na musu da kai kan cewa babbar wufa ta fi tura iska, wannan haka yake, bas iska ce ake turawa kuma inci 4 ba zai yi abin da inci 12 ke yi ba. Amma Alhaji falonka na sani ya yi uku na nasa. A ƙaramin ɗaki mai tayil da bangon siminti bas ɗin ba ya samun wurin zuwa, sai ya taru a kusurwa ya yi ta gurnani ya danne murya, shi kuma ya ce karatu da tafsiri ne kan gaba. Kuma ƙanƙanta ba aibi ba ce, BBC da kansu a shekarun 1970 suka ƙera wata 'yar sifika LS3/5A don motocinsu na ɗaukar shiri a waje inda ba fili, wufarta kusan inci 5 ce ta kamfanin KEF, an yi ta ne don murya ta fito yadda take, har yau ana ƙera ta kuma masu kuɗi na rububinta.

Alhajin Gawon Nama:
To ai ka hwaɗi da bakinka, don mota anka yi ta. Shi gida gare shi ba mota ba

Maman Yara:
Alhaji ya kama ka Injiniya, hhhh. Ni dai abin da zan ce a matsayina na wadda ke share falo kullum, dogayen nan suna cin wuri kuma in akwai yara masu rarrafe ko masu gudu sai an yi hattara don suna iya jawo ta ta faɗo musu. Namu na gida ɗan autana ya sa yatsa ya lotsa ɗan ƙoƙon nan na sama duka biyun, abin kamar yana kiransu. Duk wadda za ka saya ka tabbata tana da murfinta na raga. Sannan mu matsalarmu da fim ita ce in ana magana ba a ji sai an ƙara, da an fara faɗa ko kiɗa kuma sai gidan ya ɗauka kamar zai rushe, a yi ta neman rimot.

Injiniyan Arkilla:
Hajiya wannan yawanci sab ne aka ƙure, ki rage shi zuwa rabi ki gani. In kuma akwai ta tsakiya wadda ake ajiyewa ƙarƙashin talabijin to ita ke ɗauke da magana, a ƙara mata ita kaɗai. Wasu na'urorin ma suna da saitin dare da ke matse tazarar tsakanin magana da hayaniya.

Mai Gyara Rijiyar Ɗorowa:
Mu dawo ga tokunbo don nan ni ka da abin cewa, kullum su ka zowa shagona. Tokunbo akwai alheri ciki ƙwarai, za ka samu Wharfedale ko Tannoy ko Mission ko JBL ko Yamaha da kuɗɗin da ba su sai maka sabuwa irinta, amma kada ka biya sai ka cire ragar ka duba da idonka. Zoben da ya kewaye wufa in na soso na ka taɓa shi da yatsa a hankali, in ya yi danƙo ko ya marmashe to ya mutu, kuma zahin garin ga na watan Afrilu da Mayu ba ya barin soso, wanda ya shekara ashirin a Turai lahiya nan rani biyu sai ka ga ya zube. Na roba ya hi ɗorewa. Sannan ka buɗe yatsunka ka danna takardar wufar ciki a hankali daidai wa daida, in ka ji tana karta kamar yashi a ciki koyil ya ƙone ko ya goce. Ka sa kunne dab da tuwita kowace ɗaya ana kiɗa, da yawa ana sayar da su tuwita ɗaya matatta mai saye bai sani ba sai ya kai gida ya ji gehe guda ya dushe. Ka dubi sukurorin, in kansu ya cinye an taɓa buɗewa, wataƙila an canza na ciki da na kasuwa an bar maka akwati da suna. Ka dubi gindin akwatin ko ya sha ruwa a kwantena ya kumbura. In kana da mitar gwajin wuta ka auna om ɗinsu, mai 8 om za ta nuna wajen 6, mai 6 ta nuna wajen 4 zuwa 5, kuma biyun su yi kusa da juna.

Ɗan Illela:
Mai Gyara ka manta ɓera. Ramin nan na iska da ka baya ko gaba, ka haska tocilan ciki. Wata da anka kawo muna daga Ƙonni ɓera ya yi gida ciki ya cinye audugar dut

Mai Gyara Rijiyar Ɗorowa:
Aradu gaskiya ta, da kyankyasai ma.

Ɗan Mabera:
To in soson ne kawai ya lalace ba a gyarawa?

Mai Gyara Rijiyar Ɗorowa:
Ana canzawa, kuma in anka samu zobe daidai girman aka manna da kyau tana dawowa kusan yadda take, sai dai a canza duka biyun. Wannan ma dalili na na neman ragi mai yawa. Naɗin koyil shi na ban ba ka shawara ba ga sifikar saurare, don wayar da za a naɗa da yawan zagayen da wuya su zo daidai da na kamhwani, za ta yi ƙara amma ba za ta yi daidai da 'yar uwarta ba. Ga ta biki ba komi.

Mai Kiɗan Biki:
Kun ga ni duk wannan dogon turancin bai dame ni ba, mu da muke kwana muna kiɗa mun san abin da ke ɗorewa. Waɗannan na falon da kun ƙure su sau ɗaya tuwita ta tafi

Injiniyan Arkilla:
Ai abin da ke kashe tuwita yawanci ba girman amfi ba ne, ƙaramin amfi ne da aka ƙure. In ka murɗa shi ya wuce iyakarsa sai ya fara yanke kan sautin, ka ji yana tsatsa, wannan tsatsar tuwita take tafiya ta dafa mata koyil. Jaki ne aka ɗora wa kayan raƙumi. Da ka ji sauti ya fara kaushi ka rage, shi ke nan. Naku na biki kuma an yi su ne don su jefa sauti nesa a fili, a mita 3 ƙahon tuwitarsu zai yi ta sokar kunne, ga fankar fawa amfi tana ta huci ana tafsiri. Kowanne da wurinsa. Kuma kai ma ka riƙa kula da kunnenka, masana lafiyar ma'aikata sun sa 85dB na awa 8 a matsayin iyaka, duk ƙarin 3dB lokacin ya ragu da rabi, ku kuwa kuna kwana a gaban abin da ya wuce haka nesa.

Mai Kiɗan Biki:
Me ka ce? Ban ji ba hhhh

Malamin Makaranta:
Ni ina da Edifier R1280DB a ɗakina kuma zan faɗi gaskiyar abin da na gani. Wat 42 ne duka biyun, wufa inci 4, akwai Bluetooth da rimot da wurin sa wayar talabijin. Wajen murya ba ni da ƙorafi ko kaɗan, karatu yana fita tsaf har numfashin mai karatu kana ji, kuma ba ya cin batir, ina kunna shi da inbata har dare ban ga wani bambanci ba. Amma ɗakina ƙarami ne. Na taɓa fito da shi falo da aka yi baƙi, ga fanka biyu na gudu ga hira, sai ya zama kamar ya ɓace, kuma ganga ba ta da wannan nauyin da Alhaji ke magana. Falo mai mita 4 da 5 in ƙanana kake so ka nemi masu inci 5 ko 6 da rabi. Wani abin kuma, masu amfi a ciki in amfin ya mutu duka saitin ya tsaya, su kuwa waɗanda ba su da wuta a ciki sai ka canza amfi ka ci gaba, suna iya shekara talatin.

Alhajin Gawon Nama:
Madalla da Malam, ka hwaɗi gaskiya.

Ɗan Illela:
Wani abu da ba a taɓo ba, wuta. Su sifikun da ba amfi ciki ba ruwansu da wutar bango, daga ko'ina sunka hito lahiya. Amma amfi tokunbo ka duba baya da kyau kahin ka soka. Na Japan 100V na, na Amurka 120V, mu kau 230V muke. Na Ingila da sauran Turai su ad daidai da namu. Mutane nawa sunka soka na Amurka kai tsaye hayaƙi ya tashi. In ka samu irinsu sai da taransifoma mai rage wuta, wani kuma akwai ɗan makunni a baya da aka juyawa.

Injiniyan Arkilla:
Ƙwarai. Kuma tunda sola ce, ka san irin inbatarka. In ba mai tsabtatacciyar wuta ba ce, wadda ake rubuta pure sine wave a jikinta, tsofaffin amfi masu babban taransifoma za su riƙa kuka zzzz kuma su yi zafi. Tsofaffin nan ajin AB ne, ko ba ka ƙara sauti ba suna shan wuta suna ɗumi, a zafin Sakkwato da ke wuce digiri 40 kar ka kulle shi cikin kabad, kar a ɗora masa dikoda a kan ramukan iska. Sababbin ƙananan amfi ajin D ba sa zafi sosai kuma ba sa cin batir, irin su Fosi da SMSL, tafin hannu ne girmansu, sai dai su ma lambar da ke kan kwalinsu ka raba ta, ya danganta da adaftar da aka haɗo da ita. Ranar da aka kawo wuta kuma ka bi ta sitabilaiza.

Ɗan Mabera:
Inbatar mai kyau ce alhamdu lillahi. To waya fa? Mai tokunbon ya ce akwai wata waya ta musamman mai kan zinare wai sai da ita sautin ke fita, kuɗinta ya kusa rabin na sifika ɗaya

Mai Gyara Rijiyar Ɗorowa:
Subhanallahi. Ka tai wajen masu kayan wayarin ka yanko mai 1.5mm ko 2.5mm ta jan ƙarhe zalla, mita 3 ko 4 kowane gehe ta ishe ka. Ka dai kankare bakinta ka gani, in ciki hwari na to alminiyom ta anka shahwa ma ja. Abin da za ka kiyaye shi na ja ga ja baƙi ga baƙi a duka biyun, in ka juya ɗaya bas zai gudu ka rasa dalili. Kuma kada ka zo daga baya ka ƙulla sifika huɗu ga rami guda don a ji a tsakar gida, mai 8 biyu in ka haɗa su baki ɗaya sun koma 4, mai 6 biyu sun koma 3, nan amfi ka mutuwa.

Maman Yara:
Wannan na ƙarshen a gaya wa maigidanmu don Allah

Injiniyan Arkilla:
Saura ɗakin kansa, kuma ni a ganina ya fi alamar kamfani muhimmanci. Ka tsaya tsakiyar falon ka tafa hannu sau ɗaya, in ka ji wani ƙarin ƙara na bin bayan tafin to ko KEF ka sa a nan ba za ka ji daɗinta ba. Kafet mai kauri tsakaninka da sifikun, labule mai nauyi a taga, kujerun kushin, su ne maganin. Tazarar da ke tsakanin sifikun biyu ta yi kusan daidai da tazararka da kowacce, ka ɗan karkato su su dube ka, tuwita ta zo daidai kunnenka in kana zaune. In a ƙasa kuke zama kan kafet kamar yawancinmu to doguwar ma za ta riƙa harbi ta saman kanka, wannan ma abin dubawa ne. In ramin iskar a baya yake ka janye ta daga bango kamar taku ɗaya ko biyu, kar ka cusa ta a kusurwa, kar kuma a rataye ta can kusa da silin kamar ta masallaci.

Malamin Makaranta:
Da hunturu kuma a rufe su da ƙyalle in ba a amfani, ƙurar nan tana shiga ko'ina. Kar a goge wufa da jiƙaƙƙen tsumma, burushi mai laushi ya isa.

Ɗan Mabera:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah shi saka da alheri. Hom tiyatan dai na cire shi. Yanzu tsakanin tokunbon ne da ƙanana masu inci 6 da rabi. Kujera muke zama, akwai kafet amma ƙarami ne zan canza. Abin da ban sani ba mai tokunbon zai yarda a gwada kafin a biya? Don shi a shagonsa da wani ƙaton amfi yake kunnawa ya ƙure bas, komi ka sa sai ya yi daɗi.

Alhajin Gawon Nama:
In bai yarda ba ka bar mashi kayanshi. Ka tai da abin da kunnenka ya saba da shi a wayarka, karatun da ka sani da kiɗan da ka sani, ka ce ya maida bas da tirebul tsakiya, kuma a rage sauti kamar yadda za ka ji da dare. Wadda ta yi daɗi a hankali ita ta.

Injiniyan Arkilla:
A nan kam ni da Alhaji bakinmu ɗaya. Ka ƙara da muryar mutum yana magana kawai, labarai ko wa'azi, don kunne ya fi saurin gane ƙarya a murya. In za ka gwada biyu ka daidaita ƙararsu, don wadda ta fi ƙara ko da kaɗan ita za ka ɗauka ta fi kyau.

Mai Gyara Rijiyar Ɗorowa:
Turo min hoton gabanta ba raga da na lambar da ka baya ta inbox in gani tukuna. In ta cancanta Asabar bayan La'asar ina rufe shago da wuri, sai in zo da mita da ƙaramin amfina mu tai tare. Kai za ka sha man mashin.

Ɗan Mabera:
Na yarda, har da kuɗin shayi. Ga hotunan nan na turo, ɗaya ya ɗan yi duhu don shagon ba wuta.

Mai Gyara Rijiyar Ɗorowa:
Na gani. Zoben roba na ba soso ba, wannan ya yi. Amma sukurorin tuwitar hagu ba irin na dama ba ne, kada ka ba shi ko sisi kahin Asabar.